Kafin a kai ga dashen ƙwai: ku zo tare, ku zo da wuri

Laccar wata likitar mata a taron ma'aurata a Abuja, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na ga mata sun cika gaba, maza kuwa 'yan kaɗan ne, sun raɓe a bakin ƙofa. Don Allah ku matso, rabin maganar nan taku ce.

Akwai wata baiwar Allah da ta shigo wurina da leda biyu. Ɗaya cike da takardun asibiti, wasu har sun yi ja don tsufa, ɗayar kuma gorunan tsimi ne da ƙulle-ƙullen garin magani. Shekararta tara da aure. Na zazzage takardun a kan tebur ina neman guda ɗaya tak, gwajin maniyyin maigida. Babu. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ta ina zan fara gaya masa?" Ranar da Allah ya sa ya zo, gwaji ɗaya ya nuna mana inda gizo ke saƙa. Shekara tara ana kiranta juya a gidan biki, alhali ƙalau take. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A wurinmu likitoci, in ma'aurata suka shekara suna tare, ba tsarin iyali, ciki bai shiga ba, lokacin bincike ya yi. In matar ta haura 35, wata shida ma ya isa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na haɗuwa da wannan jarrabawa a rayuwarsa. Kuma a kusan rabin waɗanda ake bincika, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Alhaji, ƙarfin kwanciya daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Ko ka taɓa haihuwa da uwargida, a sake dubawa, jiki yana canzawa. Abin da ake nema a wurinka kawai ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ka ba da maniyyi a ɗan kofi. Ita kuwa sai an ɗibi jininta, a yi mata sikanin, a tura ruwan hoto ta bakin mahaifa don a ga ko bututun da ƙwai ke bi a buɗe suke, kuma abin da ciwo. Toshewar bututun nan ta yi yawa a wurinmu, galibi daga ciwon sanyin da ba a magance ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari.

Ba kowa ke bukatar dashe ba. Wata ƙwayar magani ce za ta daidaita mata fitar ƙwai, wata aiki za a yi mata. Sai in bututu sun toshe, ko maniyyi ya yi rauni ƙwarai, ko an gwada sauran hanyoyi ba a dace ba, sannan mu ce IVF, wato dashen ƙwai. Louise Brown, wadda aka fara haifa ta wannan hanya, an haife ta a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, yau ita ma uwa ce. A nan Abuja an haifi jaririya ta haka tun 1998 a asibitin Nisa, a hannun Dakta Ibrahim Wada, kuma Asibitin Ƙasa yana da sashen dashe.

Na san tambayar da ke cin zukatanku: ya halatta? Majalisar fiƙihun Musulunci da ta zauna a Amman a 1986 ta halatta shi, da sharaɗin ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, mahaifarta ce, kuma igiyar aure na nan. Na wani ko na wata in ya shigo, sun hana, saboda tsare nasaba. Don haka ku tambayi asibiti ƙarara yadda suke sa alama a kan abin kowa, haƙƙinku ne. 'Yan'uwana Kirista, ku zauna da shugabanninku, domin coci-coci sun sha bamban a kan batun.

To, yaya ake yi? Mace ƙwai ɗaya takan saki a wata. Mu kuma muna son da yawa, sai a ɗora ta kan allurai kullum na kwana goma zuwa sha biyu, 'yar siririyar allura a fatar ciki, ƙasan cibiya, a lokaci guda kowace rana. Wasu alluran sai a firji, saboda haka tun kafin a fara a tanadi kula mai ƙanƙara a ciki don ranar da aka ɗauke wuta. Tana zuwa sikanin a kai a kai. In ƙwai sun nuna, sai a yi allurar ƙarshe, a kwashe su bayan kusan awa 36. Wannan allura ba ta son "bari in idar da girki". In an ce ƙarfe tara na dare, to tara. Ana kwasar ƙwan ne da allurar barci, ba yanka. A haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji, in mai rauni ne a ɗauki ƙwaya ɗaya a cusa cikin ƙwan. Bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da ɗan tayin da ya samu cikin mahaifa ta siririn bututu. Kada ku matsa wa likita ya zuba uku ko huɗu. Cikin 'yan uku haɗari ne ga uwa, kuma bakwaini ake yawan haifa.

Shiri kuwa tun wata uku kafin nan yake farawa, don maniyyi na ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙosa. Maigida ya ajiye sigari da shisha da magungunan ƙarfin maza na bakin tasha. Uwargida ta fara shan folik asid, a daidaita suga da hawan jini. Ku duka a gwada ku ciwon hanta da HIV da jinsin jini saboda sikila. Kuɗi miliyoyin naira ne, don haka a rubuta muku abin da ke ciki: da magani ko babu? Daskarar da sauran 'yan tayi nawa ne?

Ga abin da wasu ba sa faɗa, ni zan faɗa. A ƙididdigar Ingila, mace 'yar ƙasa da 35 kusan ɗaya cikin uku ke haihuwa a dashe guda. In ta kai 40 zuwa 42, kusan ɗaya cikin goma. Duk wanda ya ce muku tabbas ne, ku riƙe kuɗinku. Shekarun da ake ɓatawa ana jin kunya, ƙwan mace ne ke tafiya a cikinsu, shi ya sa nake ta roƙon ku zo da wuri.

Bayan dashe akwai jiran kusan mako biyu kafin gwajin jini. Matan da suka bi hanyar nan sun sha gaya mini ya fi allurai wuya. Ba sai ta kwanta kamar majinyaciya ba, ta yi harkokinta marasa nauyi, ta ci gaba da maganin da aka ba ta. In ciki ya kumbura sosai ko numfashi ya yi wuya, a taho asibiti ko da tsakar dare ne. Maigida, kai ne katangarta a kwanakin nan. In Hajiya ta kira tana tambaya, kai za ka amsa. Ranar karɓar sakamako kuma ka ɗauki hutu a ofis ka rako ta, kada ta buɗe takardar nan ita kaɗai a cikin tasi.

Mai tambayar da ba ya son a ji muryarsa, ga takardu nan ana rabawa, ya rubuta ba suna.