Riga Biyu, Sanda Ɗaya: Rayuwar Leah Wilkinson a Fagen Ƙwallon Gora

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

Idan na ce ku kawo mini sunan ɗan wasa daga Wales, na san bakinku ɗaya: Gareth Bale. To, Bale sau 111 ya buga wa ƙasarsa kafin ya rataye takalmi. Matar da zan ba ku labarinta yau ta haura wasa 200 da rigar Wales, amma da wuya a sami mutum biyu a ɗakin nan da suka taɓa jin sunanta. Sunanta Leah Wilkinson, wasanta kuma ƙwallon gora, wato hoki, wanda ake yi a fili da sanda mai lanƙwasa, mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare.

Kafin mu zo kanta, sai kun gane yadda Wales take. Ƙasa ce ƙarama a yammacin Ingila, mutanenta miliyan uku da 'yan kai, amma a wannan wasa tsohuwar hannu ce. Wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin hoki a garin Rhyl na Wales aka yi shi, a 1895, Ayaland ta ci ta uku da nema. A gasar Olamfik ta 1908 a Landan, Wales da sunanta ta shiga, ta kuma koma gida da tagulla. Yanzu ba haka abin yake ba. A gasar Commonwealth da ta Turai, Wales na fita da tutarta. Olamfik kuwa, sai a haɗa Ingila da Sukotland da Wales a tsamo tawaga ɗaya tak da sunan Birtaniya, kuma mafi yawan gurabe 'yan Ingila ne ke cike su. Ku riƙe wannan, domin a nan labarin yake.

An haifi Leah a Disambar 1986. A 2004 ta fara saka rigar Wales, ba ta cika shekara goma sha takwas ba. A baya take tsayawa, aikin da ba a cika tafa wa mai yin sa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san abin da nake nufi: idan aka ba abokan hamayya bugun kusurwa na hukunci, masu tsaron baya ne ke saka abin kare fuska su tari ƙwallo mai taurin dutse. A matakin kulob ta yi shekaru a Holcombe da ke yankin Kent, daga baya ta koma Surbiton, duka a babban rukunin Ingila, domin can ne gasa mai zafi take.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ban da wasan, malamar makaranta ce, tarihi take koyarwa. Rigar Wales ba ta ciyar da mai ita. Da rana aji, da yamma atisaye, ƙarshen mako tafiya wasa, ga takardun yara na jiran maki. Malaman da ke nan, ku kun fi ni sanin nauyin wannan. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru, ta zama kyaftin, a 2019 ta buga wasa na 158, ta zarce kowa a yawan wakiltar Wales. Tawagar Birtaniya kuwa shiru.

Sai a ƙarshen wannan shekara ta 2019 aka kira ta, tana da shekara 32, shekarun da wasu ke neman ajiye sanda. Ni dai ina ganin an makara ƙwarai, kuma da a ce rigar Ingila take sakawa da tuni ido ya kai kanta. Ta ajiye alli na ɗan lokaci ta shiga sansani. Ga shi cutar korona ta sa aka ɗage gasar Olamfik ta Tokyo zuwa 2021, wato ƙarin shekara guda a kan gwiwoyin da suka riga suka sha gudu.

A Tokyo, Birtaniya ce ke kare zinaren da ta ci a Rio a 2016. Holan ta lallasa su 5 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe. Ya rage neman tagulla da Indiya, ranar 6 ga Agusta. Birtaniya ta fara zura biyu, kafin a tafi hutun rabin lokaci Indiya ta farke ta ƙara ɗaya. Ku auna zuciyar mai tsaron baya a wannan hutun. Aka dawo, kyaftin Hollie Pearne-Webb ta farke, Grace Balsdon ta ci ta huɗu, sannan aka koma tsaron gida har aka busa tashi, 4 da 3. Leah ta rataya tagulla tana da shekara 34, tare da 'yar ƙasarta Sarah Jones.

Shekara na zagayowa, a gasar Commonwealth ta Birmingham a 2022, ta sake saka jar rigar Wales. A nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.