Na Hau Hasumiya Tare da Ɗalibai Masu Kaɗa Ƙararrawa a Oxford

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yau muna tsakiyar birnin Oxford a Ingila, kuma wannan ginin dutsen da ke bayana cocin St Mary Magdalen ne. Ku kasa kunne. Wannan amon da ke zubowa daga sama ba na'ura ba ce, mutane ne a tsaye kowa da igiyarsa, kuma yawancinsu ɗaliban jami'a ne. Suna da ƙungiyarsu ta masu kaɗa ƙararrawa tun 1872, nan ne kuma gidansu. Ta jami'ar Cambridge ta biyo baya a 1879. Sun ba ni izini in hau in ga atisayensu, to ku biyo ni.

Ga ɗakin. Kun ga igiyoyi guda 10 sun sauko daga rufi sun yi da'ira, kowacce da wani kauri na ulu mai launi a jikinta, wurin kamawa ke nan. Ƙararrawar kanta ba a ganinta daga nan, tana can bisa kanmu. Kafin in zauna an gindaya mini sharaɗi biyu: kada in taɓa igiya ko da wasa, kuma in ajiye tafin ƙafata duka biyu a ƙasa, kada in harɗe. Dalili kuwa, in igiya ta kuɓuce ta naɗe ƙafar mutum, sama za ta yi da shi.

Kowace ƙararrawa an ɗaure ta ne a jikin ƙaton wili na katako, igiyar tana zagaye da wilin. Kafin a fara, sai an yi ta lilo da ita har ta juya ta tsaya bakinta na kallon sama. Daga nan duk ja ɗaya, sai ta kifo ta yi cikakken zagaye ta sake tsayawa a ɗaya gefen, ta buga sau ɗaya tak. Zagayen yana cin kamar daƙiƙa biyu. Ƙarfe ne mai nauyin ɗaruruwan kilo, ba ka isa ka ce masa buga yanzu, sake bugawa yanzu ba. Abin da ke hannunka kaɗan ne: ka ɗan riƙe ta a sama ta jinkirta, ko ka tare ta da wuri ta gaggauta.

Wannan ne ya sa ba waƙa suke kaɗawa ba. Jerin lambobi suke kaɗawa. Ana farawa daga ƙarama mai siririyar murya a gangaro zuwa babba, 1, 2, 3, 4, 5, 6. Sai a fara musaya: 2, 1, 4, 3, 6, 5. Doka ita ce kowace ƙararrawa ba ta matsawa fiye da gurbi ɗaya a lokaci guda, kuma ba a maimaita jerin da aka riga aka buga. Da ƙararrawa 6 jeri 720 ake iya fitarwa. Da 7 kuwa 5,040 ne, wanda ke cin kusan awa uku a tsaye, ba hutu, ba musayar hannu, ba takarda a gabanka. Da 8 ya zama 40,320, kuma an taɓa buga shi gaba ɗaya a Loughborough a 1963, aka kwashe kusan awa 18. Tun ƙarni na 17 Turawan Ingila suka ɓullo da wannan salon, har yau kuma hasumiyoyi sama da 5,000 a ƙasar suna da ƙararrawa irin wannan.

Bari in matso da kyamara, ku dubi wannan yarinyar mai riƙe da igiyar ƙararrawa ta farko. Ita ce ke sanar da cewa kowa ya shirya, za ta tafi, ta tafi. Ku kalli hannunta. Ta kama ulun ta ja ƙasa, ta saki, igiyar ta yi sama da gudu, hannayenta suka bi jelar har ta miƙe tsaf, sannan ta sake jawowa. Ba ta kallon sama ko kaɗan. Idonta na kan hannayen sauran, tana neman wanda za ta bi a baya, leɓenta na motsi tana ƙirga gurbinta. Duk wanda ya ga lugude a tsakar gida zai gane abin nan da nan: taɓarya uku a turmi ɗaya, kowacce da lokacinta, in ɗaya ta yi sauri ko ta makara sai an yi karo. Nan ma haka, sai dai karon duk unguwa ce za ta ji shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ake koyar da shi. An ba ni na gwada, wani ɗalibi yana tsaye dab da ni. Ni na riƙe jelar igiyar, shi yana kama ulun. Ba ƙarfi ake so ba, in ka fizga da ƙarfi za ka iya karya sandar katakon da ke tare ƙararrawar a sama. Ji ake so, ka ji nauyin nan a yatsunka lokacin da ta kai ƙololuwa ta ɗan tsaya. Wannan ba a samunsa a littafi ko a YouTube, sai wani ya tsaya kusa da kai ya ba ka lokacinsa, makonni kafin ma a bar ka kai kaɗai da igiya. Kuma kyauta suke yi. Ku tuna ɗalibi shekara uku ko huɗu yake yi ya tafi. Wanda ya koya bara shi ke koyar da sabon zuwa bana, a haka abin ya kai shekara sama da 150. Wallahi wannan ya burge ni ƙwarai.

Ba kuma duka ne masu zuwa coci ba. Suna kaɗawa ranar Lahadi kafin sujada, da ranar ɗaurin aure, amma wasu lissafin ne ya jawo su, wasu kuma neman abokai a garin da ba su san kowa ba. Ana bukatarsu sosai, domin masu kaɗawa sun yi ƙaranci a ƙasar. Kafin naɗin Sarki Charles a watan Mayun 2023 sai da aka yi gangamin neman sababbin hannu don kada wasu hasumiyoyi su yi shiru ranar.

Mun sauko, ga mu a titin St Aldate's gaban kwalejin Christ Church. Wannan hasumiyar Christopher Wren ne ya zana ta, a ciki akwai ƙararrawar da ake kira Great Tom, mai nauyin sama da tan 6. Ita ba ta cikin waɗanda ɗalibai ke ja da igiya, amma saboda ɗalibai take bugawa. Kullum da ƙarfe 9 da minti 5 na dare tana bugawa sau 101, adadin ɗaliban kwalejin na asali su 100 da guda da aka ƙara a 1663. A da alama ce ta kowa ya koma ciki za a rufe ƙofa. Minti biyar ɗin kuma saboda Oxford tana yamma da Greenwich ne, inda ake auna lokacin agogon ƙasar, a agogon rana na garin lokacin ne tara ke cika daidai.

Sanyi ya fara shiga jiki, amma zan tsaya in ɗauko muku bugun daga farko har ƙarshe ba tare da na yanke ba, mai son ƙirgawa ya ƙirga. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.