Jawabin Maraba ga Baba Rabaran Shugaban Gunduma a Sujadar Ranar Masu Buƙata ta Musamman

Baba Rabaran, shugaban gundumar ikkilisiyoyinmu, da Mama uwargidansa, fastoci da dattawa, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, 'yan'uwanmu makafi da kurame da guragu tare da iyalansu, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san yawan ikkilisiyoyin da ke ƙarƙashin kulawarka, shi ya sa muka ɗauki zuwanka da kanka, ba tare da aiko wakili ba, a matsayin babbar girmamawa ga mutanen da aka saba ajiyewa a kujerar baya. Tun shekarar 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Disamba domin masu nakasa, mu kuma muka ga ya dace mu kawo ranar cikin ɗakin sujada.

Wannan hidima ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A 1943 mishan ta buɗe asibitin ido a Kano wanda yau yake hannun ECWA, a 1953 kuma aka kafa makarantar makafi ta Gindiri, inda yara suka koyi rubutun makafi har wasunsu suka zama malamai da masu wa'azi. Andrew Foster, kurma ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, a Jos kuwa cibiyar Beautiful Gate ta daɗe tana ƙera kekunan guragu tana rabawa waɗanda shan-inna ta naƙasa, Kirista da Musulmi. Iyayenmu a cikin bangaskiya sun riga gwamnati fara wannan aiki da shekaru masu yawa, domin sai a watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci.

Amma Baba, dole mu faɗa maka gaskiyar abin da muka tarar sa'ad da kwamitinmu ya fara bin gida-gida. Mun shiga da tunanin cewa abinci da sutura ne babbar damuwa, sai muka ga abin da ya fi ci wa iyalai tuwo a ƙwarya shi ne kaɗaici. Akwai uwar da ta yi shekaru ba ta ci Jibin Ubangiji ba, domin ɗanta ba ya iya zama ko tafiya, ya kuma yi girman da goyo ya gagara, babu wanda za ta bar wa shi ko na awa biyu. Da ta daina zuwa, sai aka ɗauka sanyin bangaskiya ne. Akwai wadda dangin miji suka ɗora wa laifin haihuwar yaron, ana raɗe-raɗin maita ko la'ana, har auren ya mutu. Irin wannan magana ce almajirai suka kawo wa Yesu game da mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, suna tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya kuwa amsa musu cewa ba na ko ɗayansu ba ne. Abin da ke damunmu shi ne har yau tambayar tana yawo a bakin masu bi, amsar kuwa ba a cika jin ta daga bagade ba. Ni a ganina, kwanon shinkafar Kirsimeti ba ya share wa irin wannan uwa hawaye, abin da take so shi ne 'yar'uwar da za ta zauna da yaron ranar Lahadi, da faston da zai taka ƙafa zuwa gidanta.

Abin da muka iya yi kaɗan ne. Zumuntar Mata ta tsara karɓa-karɓa na zama da yara a gida, matasa sun gyara ƙofar shiga yadda keke zai hau ba sai an ɗaga mutum kamar kaya ba, mun kuma ware wani kaso na baiko domin kuɗin makaranta da magani.

Roƙonmu na farko ya shafi kurame. Suna zuwa sujada da aminci, su zauna tun daga waƙar farko har albarka, su tashi ba su san abin da aka yi wa'azi a kai ba. Muna roƙo gunduma ta ɗauki nauyin horar da masu fassara da maganar hannu, a kuma sa wannan darasi a makarantar Littafi Mai Tsarki, domin fasto ya iya gaisawa da tumakinsa ko da ba mai fassara. Muna kuma roƙo kada a amince da zanen sabon ginin ikkilisiya sai an ga hanyar keke a ƙofa da bayan gida. Dokar 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024, bai kamata a ce gidan Allah ne na ƙarshe ba.

Roƙon da ya fi nauyi a zuciyarmu shi ne a ba 'yan'uwan nan aiki a cikin ikkilisiya. Sarki Dauda bai aika wa Mefiboshet gurgu abinci can garin Lodebar ba, ya kirawo shi ya riƙa ci a teburin sarki. Muna da makafi masu haddace nassi da murya mai daɗi, muna da guragu masu ilimin lissafin kuɗi da koyarwa, amma idan lokacin zaɓen dattawa ko malaman makarantar Lahadi ya zo, da wuya a ambaci sunayensu. Kalma ɗaya daga bakinka a taron fastoci za ta buɗe wannan ƙofa.

Bayan sujada, iyayen yaran sun roƙa ka zauna da su kafin ka kama hanya, kuma ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu makafi ne zai yi mana karatun nassi na yau. Allah ya ƙara maka lafiya da hikima, ya mai da kai gida lafiya.

Shugaban kwamiti, a madadin dattawa da dukan ikkilisiya.