Zaman Hira Daga Katsina: Zanzibar, Teku Da Mu Ƴan Tudu

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan birnin Dikko. Yau ina tare da Hajiya Aisha da ƙaninmu Usman, kuma maganar teku za mu yi, don Hajiya ta je Zanzibar ta dawo, saƙonni sun yi yawa ana cewa sai ta ba da labari.

Usman: Ni dai Anti tambayata ta farko, ina ne ma wurin? Wasu na ce mun ƙasa ce, wasu na cewa gari ne.

Aisha: Tsibirai ne Usman, a tekun Indiya, gabas da Tanzaniya. Manyan guda biyu ne, Unguja da Pemba, sai ƙanana da yawa kewaye da su. Inda kowa ke zuwa yana cewa ya je Zanzibar to Unguja ne. Tun 1964 suka haɗe da Tanganyika, wato ɓangaren da ke kan tudu, aka samu Tanzaniya, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu. Mu ta Kano muka tashi, muka sauka Adis Ababa, daga nan kai tsaye sai filin jirgin Abeid Amani Karume. Wanda kuma ya bi ta Darussalam akwai jirgin ruwa mai gudu, wajen awa 2 ya kai ka.

Bashir: Biza fa?

Aisha: Wannan a fara ta da wuri Yaya Bashir, mai fasfon Najeriya ba ya zuwa haka nan ya karɓa a filin jirgi, sai ka nema ta intanet ka jira amsa. Ka riƙe katin allurar shawara, sannan tun 2024 sun sa inshorar dole ta dala 44 ga duk baƙo.

Usman: To Anti ni abin da ke hana ni irin tafiyar nan, hotunan da nake gani. Kowa ba sutura, sai in ga kamar ba wurinmu ba ne.

Aisha: Wallahi ni ma da wannan tunanin na tafi, kuma shi ne abin da nake so mata su ji. Mutanen tsibirin nan kusan dukkansu Musulmi ne, kiran sallah kake ji ta ko'ina, matan garin da mayafinsu da atamfarsu da suke kira kanga, abinci kuma ba ka da fargaba. Eh a bakin ruwan otal-otal na Nungwi da Kendwa za ka ga Turawa da irin tasu shigar, amma ba wanda ya taɓa kallona don na shiga ruwa da doguwar riga da wando da ɗan kwali. Akwai kayan iyo masu rufe jiki gaba ɗaya, ki saya tun daga gida, kar ki shiga da hijabi mai faɗi don yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ki.

Bashir: Yauwa, mu zo kan ruwan, don nan ne zancen yake. Mu nan iyakarmu dam ɗin Ajiwa ko Zobe ko Jibiya, kuma tun muna yara ake ce mana kar mu kusanci ruwa. Ya aka yi kika leƙa ƙarƙashin teku?

Aisha: Da rigar ceto Yaya. Ba sai ka iya iyo ba. Ana ba ka wani tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu da za ka cije a baki kansa yana sama da ruwa, sai ka kwanta rub da ciki a saman ruwan kana numfashi ta baki. Rigar ce ke riƙe da kai, ba ka nutsewa. Wajen tsibirin Mnemba aka kai mu, shi tsibirin ba a barin kowa ya sauka don na masu otal ne, amma ruwan kewaye da shi ana shiga. Da na sa fuskata cikin ruwan nan sai da na yi tasbihi a zuciyata, kifaye shuɗi da rawaya da masu zane-zane suna wucewa daf da hannuna ba sa gudu, ga murjani a ƙasa iri-iri wani kamar reshen itace, kuma ruwan garau har ƙasa kake gani.

Usman: Murjani dai na wuya?

Aisha: Danginsa ne, kuma abu ne mai rai, ba dutse ba, ƙananan halittu ne ke gina shi a hankali shekara da shekaru. Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga wasu suna tsayawa a kansa don ɗaukar hoto, in ka taka ya karye ka ɓata aikin da ba zai dawo da wuri ba, kifin da masuntan garin ke ci da shi kuma nan ne gidansa. Haka masu kwale-kwale ke rububin bin dolfin, wasu dabbobin ruwa masu kama da manyan kifaye, da injin, su kewaye su ta ko'ina. Ni ban ji daɗin wannan ba sam.

Bashir: Ni kuwa batun kwale-kwalen nan zan tsaya a kai. Ba mu manta da wanda ya kife a Bagwai ba a 2021 da ɗaliban Islamiyya, Allah Ya jiƙansu. Can ma a 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka rasu, kuma lodi fiye da kima ne sanadi. Don haka in ka ga an cika jirgi ko babu rigar ceto, ka sauka, kuɗin ya tafi.

Aisha: Gaskiya ne, kuma ka gwada rigar tun kana kan yashi ka ga igiyoyinta na ɗauruwa. Wani abin kuma da ɗan tudu bai sani ba shi ne teku na cika yana janyewa, sau biyu a rana, wata ne ke jan shi. A gabas wajen Paje da Jambiani in ya janye sai ka yi tafiya mai nisa kan yashi ba ka kai ruwa ba, lokacin ne matan garin ke fita gonakinsu na ciyawar teku, sun kafa turaku sun ɗaura igiya suna noma a cikin ruwa. Amma in ya tashi dawowa da sauri yake zuwa, sai ka tambayi mutanen wurin lokacinsa kafin ka yi nisa, kuma ka sa takalmin roba saboda wasu halittu masu ƙaya. Akwai ma wani tudun yashi, Nakupenda, da ake kai mutane a gasa musu kifi da jatan lande a kai, in ruwa ya cika ya shafe shi gaba ɗaya.

Usman: Cikin garin fa, ba abin gani?

Aisha: Da yawa. Tsohon garin da ake kira Stone Town UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi a 2000, lunguna matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa. Akwai inda kasuwar bayi take, an rufe ta a 1873, an gina coci a wurin, na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na fito jikina a sanyaye. Daga nan ƙaramin jirgin ruwa zai kai ka tsibirin Changuu ka ga manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles, wasu sun haura shekara 100. Da magriba kuma sai Forodhani, wani lambu a bakin teku da ake sayar da abinci da dare, a sha ruwan rake da citta. Kanumfari kam na yi tsaraba har da kirfa.

Bashir: Wane lokaci ya fi?

Aisha: A guji Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi ruwan kan yi duhu. Yuni zuwa Oktoba ya fi. Kuma a yi ciniki da masu jirgi a gama magana kafin a hau, har da kuɗin shiga wurin da na kayan leƙen ruwa.

Usman: To ni dai Anti za ki turo mun yadda kika cike bizar nan.

Bashir: Ta turo mana gaba ɗaya mu sa wa masu sauraro. Jama'a sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.