Masauki a Fas: daren farko ban yi barci ba

Jama'a assalamu alaikum. Ku duba wannan matattakala da kyau, bari in matso da kyamara. Kowace hawa ta kusa kai min gwiwa, kuma faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba. A nan aka ce mahaifiyata, mai shekara kusan 70, za ta riƙa hawa da sauka sau biyar a rana. Wallahi har yanzu raina bai gama hucewa ba, shi ya sa na dawo gidan na ɗauka muku ku gani da idonku.

Ziyara muka zo Fas ta ƙasar Maroko, ni da Hajiya. Shekara da shekaru tana cewa kafin ta bar duniya tana son ta tsaya a Zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, inda aka binne shi a 1815. Allah ya hore, na kawo ta. Tun muna Kano na kama ɗaki ta intanet, dirhami 180 a kwana, hoto tsaf-tsaf, an rubuta wai kusa da komai.

Mai tasi ya ajiye mu a Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin tayil da kuke gani a hotuna, ya ce iyakar mota ke nan. Gaskiya ya faɗa. Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga cikinsa, sai ƙafa, sai jaki da alfadari, sai masu kura. Lungu kuwa ya fi na cikin birnin Kano matsi, wani ma sai ka karkace kafaɗa. Mai kura ya ɗora akwatunanmu ya karɓi dirhami 50, muka bi shi gangare, Hajiya tana riƙe da hannuna. In ka ji an yi ihu "balak, balak" to ka manne da bango, alfadari ne tafe da kaya. Taswirar waya kuwa ku manta da ita, a cikin lungunan nan juyawa kawai take yi.

Muka iso, aka ce ɗakinmu yana can hawa na uku. Babu taga ko ɗaya, bango yana warin danshi, ga shi watan Janairu. Ku da kuke jin Maroko kuna zaton zafi ne kamar namu, sanyin Fas ya fi na hunturunmu shiga ƙashi, don shi da laima yake zuwa. Na roƙi abin ɗumama ɗaki, yaron gidan ya ce sai na ƙara kuɗi. Bargo biyu na lulluɓa wa Hajiya, ni na kwana a zaune cikin rigar sanyi. Da asuba ta ce min, "Ɗan nan, ƙafata ba za ta sake hawa nan ba." Ba ta ƙara ko kalma ba, amma na ji kamar an soke ni.

Ban ce ɗakin araha haramun ba ne. Idan kai saurayi ne, jakar goyo kawai gare ka, akwai gidajen da ake haɗa gadaje shida ko takwas a ɗaki guda, na ga na dirhami 120, ɗaliban Turawa sun cika su. Kai dai kada ka kawo tsohuwa ko mai ciki irin wurin nan, na gaya maka.

Wani bawan Allah ɗan Senegal da muka haɗu da shi a sallah shi ya buɗe min ido. Ya ce, "Ɗan'uwa, ta sama ka shigo, Zawiya kuwa tana ƙasa." Ashe garin kamar kwano yake. Daga Bujulud gangarowa ake yi, komawa kuma hawa ce mai cire numfashi. Ta ƙasa akwai filin Rasif, mota tana zuwa har can. Da na san haka da tun farko can na nema.

To ga inda muke yanzu, ku biyo ni. Dubi ƙofar, ƙaramar ƙofar katako a bango marar fenti, ba za ka ba ta kwabo ba. Yanzu ku kalli ciki. Allahu Akbar! Tsakar gida ce a buɗe har sama, tayil ƙanana-ƙanana da aka jera da hannu, kore da shuɗi da fari, ruwa yana tsiyaya a tsakiya, katakon ƙofofin duk sassaƙa. Dukkan ɗakunan ciki suke kallo, babu mai leƙen iyalinka daga waje. Hajiya tana shigowa ta ce ai wannan tsarin gidanmu ne na Bahaushe, mutunci a ciki yake. Na tuna gidan kakana a Kano, zaure sannan tsakar gida, sai da idona ya kawo ruwa.

Irin wannan su suna ce masa dar. Wanda ke da lambu da bishiyoyi a tsakar gidan shi ne riyad, ko da yake a intanet kowa riyad yake kiran nasa don ya ja kuɗi. Mu dirhami 450 muke biya, ɗakin ƙasa, da na'urar ɗumama ɗaki, da karin kumallo: wata waina mai ƙananan huji da suke ce wa bagarir, zuma, zaitun, shayin na'ana'a. Akwai ɗan harajin kwana da ake karɓa a hannu kan kowane mutum, ban san da shi ba sai da aka miƙo takarda, ku ajiye canji. Matar gidan kullum sai ta sumbaci kan Hajiya. Ba sa jin yaren juna, amma hira suke yi har da dariya.

Na leƙa na manya ma, don kada a ce ban nuna muku ba. Tsofaffin gidajen attajirai ne da aka gyara, da wurin ninƙaya a tsakar gida, ɗaki ya haura dirhami 2,000. Shayi kawai na sha a saman rufin, na hango koren rufin Ƙarawiyyin, masallacin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859. Kyau kam akwai shi, amma wasunsu suna sayar da giya, kuma ni ba zan kai Hajiya wurin da ake kwance da kayan wanka a tsakar gida ba. Sabon gari kuma, wanda Faransawa suka gina, can otal-otal masu lif suke, kusa da tashar jirgin ƙasa. Sai dai kullum kana cikin jar tasi, ita kuma mutum uku kawai take ɗauka, kuma asuba a Zawiya sai ta yi maka wuya.

Af, kada in manta: in aka ce maka masauki yana daf da majemar Shuwara, ka tambayi hanci kafin ka biya. Masu shaguna har ganyen na'ana'a suke ba baƙi su toshe hanci. Ni kam na tsaya na kalli ramukan rini ina alfahari, na gaya wa mai shagon cewa jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasarmu ta ratso sahara a kan raƙuma, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ya yi murmushi, ni dai na faɗa masa.

Wani abu kuma, yaran da za su tare ka su ce hanyar a rufe take, su bi da kai wata, kuɗi suke nema. Ka sa mai masauki ya turo mutum ya tarbe ka a ƙofar gari, kuma kafin ka tura ko sisi ka tambaye shi abu uku: wace ƙofa ce kusa, hawa na nawa ne, akwai ɗumi ko babu.

Yau Juma'a ce, bayan la'asar za a yi zikiri a Zawiya, kuma daga nan a ƙafa muke zuwa, Hajiya tana hutawa sau ɗaya kawai a hanya. Ga ta can ta riga ta yafa mayafi tana ɗaga min carbi. To Hajiya, gani nan zuwa. Jama'a, kyamara a aljihu za ta zauna, can ba wurin ɗaukar hoto na je ba.