A Auna Buƙata Kafin A Rubuta Manhaja

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tashi daga Kourou da ke Kudancin Amurka, ko minti ɗaya ba ta cika a sama ba ta tarwatse. Da aka bincika, injinta lafiya lau yake. Manhajar da ke lura da alƙiblarta an ɗauko ta ne daga yayarta, Ariane 4, alhali tashin sabuwar ya sha bamban da na tsohuwar. Wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, sai kwamfutoci biyu, ta aiki da ta ko-ta-kwana, duk suka tsaya, domin manhajarsu ɗaya. Manhajar ta yi abin da aka ce ta yi. Babu dai wanda ya sake tambaya ko umarnin ya dace da sabuwar rokar.

Wannan tambayar ce ta dame ni. Buƙatun manhaja, wato jerin abin da ake so ta yi, galibi da harshen mutane ake rubuta su, kuma harshen mutum yana barin giɓi. A ce, "Kada ƙofar jirgi ta buɗe yana tafiya." To idan na'urar auna gudu ta mutu fa? Jirgin na tafiya ne ko yana tsaye? Mai karatu zai wuce bai lura ba. Amma idan aka zuba buƙatar cikin lissafi, dole a ambaci kowane hali da jirgin zai iya shiga, sannan kwamfuta ta bi su, ta nuna inda dokoki biyu suka ci karo, tun ba a rubuta layi ɗaya na manhaja ba.

An gwada, kuma ya yi. Layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris, wanda aka buɗe a 1998 ba tare da direba ba, manhajar tsaronsa an gina ta da tsarin B na Jean-Raymond Abrial, ana tabbatar da kowane mataki da hujjar lissafi. Injiniyoyin Amazon kuwa sun yi amfani da TLA+, harshen lissafi na Leslie Lamport don bayyana tsarin manhaja, suka gano wani kuskure da sai an bi matakai 35 a jere yake bayyana. Wane gwajin hannu ne zai kai nan?

Aikin yana cin lokaci da kuɗi, kuma ba kowace manhaja ke buƙatarsa ba. Amma inda ran mutum yake, a jirgi ko a na'urar asibiti, ni dai ban ga hujjar tsallake shi ba.