Huhu ɗaya, iyayen gida uku: wa zai biya diyya?

Jama'a, a ce ga wani hoton ƙirji da aka ɗauka a likita, duk ɗigo-ɗigo farare. Ɗigo-ɗigon nan farare tabon ƙurar dutse ne, cutar da ake kira silikoz. Mu ƙaddara mai hoton wani Ba'adare ne daga Tahoua, ya yi shekara 20 yana fasa dutse: 10 a kamfani na farko, 5 a na biyu, 5 a na uku. Yau tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya sau biyu, ya dafa bango. Kowane kamfani kuma cewa yake: ba a wurina ya kwaso ba.

Alƙalai a Ingila sun daɗe suna fama da wannan, kuma abin da suke fara dubawa shi ne halin ciwon. Akwai mai taruwa kamar yashi a kogi, kowace rana ana ƙara lalata huhun. Irin wannan yana rabuwa. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta can, a shari'ar wani ma'aikaci da ƙurar asbesto (wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini) ta ci huhunsa, ta ce kowa ya biya gwargwadon ɓarnarsa. Da wannan ma'auni, in diyyar mutuminmu sefa miliyan 8 ce, na farko ya ba da 4, sauran biyu-biyu.

To ga inda gizo ke saƙa. Kamfani na uku ya rushe tuntuni, ko ofishinsa babu. Miliyan 2 ɗin nan ta bi ruwa, kuma mara lafiya ne ya yi asara.

Ɗaya ciwon kuwa ba ya rabuwa: kansar fatar huhu da asbesto ke jawowa, wadda kan ɓoye shekara 30 ko 40 kafin ta bayyana. Babu likitan da zai rantse ƙurar wane ce ta tayar da ita. A 2002 kotun ƙolin ƙasar ta ce duk wanda sakacinsa ya ƙara wa ma'aikaci haɗari, to ya shiga ciki. A 2006 kotun ta dawo ta ce a raba kuɗin kashi-kashi. Aka yi ta surutu, ba a ci wata uku ba majalisa ta yi doka: mai wannan kansa ya kama kamfani guda ya karɓi kuɗinsa cif, shi kamfanin ya je ya bi ƴan'uwansa bashi. Ni dai a ganina majalisa ta fi gaskiya. Wanda watanni suka rage masa a duniya ba shi ne zai yi farautar kamfanoni ba.

Afirka ta Kudu sulhu aka yi: a 2018 kamfanonin zinariya 6 suka amince da asusun kusan rand biliyan 5 saboda silikoz da tarin fuka.

A nan Nijar, ma'aikacin da uban gidansa ya yi wa rajista, CNSS, wato asusun kare ma'aikata na ƙasa, ita ce ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Amma duk lissafin nan na 10 da 5 da 5 a kan takarda ya tsaya: kwangila, takardar albashi, hoton ƙirji mai kwanan wata. Yaron da ya tafi ramin zinariya a Jado ko Cibarkaten, ya yi shekaru yana daka dutse da rawani a hanci, ba shi da ko ɗaya. Mai ramin ma sau da yawa laƙabinsa kawai ya sani.